Sunan Ƙungiya da Sauyin Makaɗa: Nazari a Kan Tal National ta Birnin Yamai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wata ƙungiyar makaɗan zamani ta birnin Yamai, a Jamhuriyar Nijar, mai suna Tal National, ta fuskar tarihinta da kiɗanta, da kuma yadda makaɗanta suka riƙa sauyawa alhali sunanta yana nan daram. Dalilan da suka sa muka zaɓe ta guda biyu ne. Na farko, ƙungiya ce da ta ɗauki kalangu ta ajiye shi kusa da jitar lantarki, ta kuma rera waƙoƙi da Hausa tare da wasu harsunan Nijar, saboda haka tana da haƙƙi a kan masu nazarin kiɗan Hausa. Na biyu, masu sharhi a jaridun Turai da Amurka sun sha kwatanta kiɗanta da wani reshe na kiɗan rok wanda Ingilishi suka laƙaba wa suna furogiresif, watau rok mai neman wuce iyakar da aka saba. Wannan kwatance yana bukatar a auna shi a kan ma'auninmu.

Tambayar da za mu bi ita ce: idan makaɗa suka sauya, mene ne yake saura wanda za a ci gaba da kiran sa ƙungiya? Ra'ayinmu shi ne Tal National ta kawo wata amsa wadda take da tushe a cikin tsarin Hausa, amsar da ta ƙarfafa kiɗa ƙwarai, amma ta rage wa waƙa nauyi.

2.0 Waiwaye: Ƙungiyar Kiɗa a Ƙasar Hausa

Waiwaye adon tafiya ne. Ƙasar Zazzau ba baƙuwa ba ce ga irin wannan bincike, domin a nan ne M. G. Smith ya tattara bayanan da ya rubuta maƙalarsa ta 1957 a kan roƙo, a nan ne kuma David Ames ya yi aikin da ya haɗu da na Anthony King na Katsina, suka fitar da ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Abin da duk mai sauraro ya sani, waɗannan ayyuka kuma suka tabbatar, shi ne ƙungiyar kiɗan Hausa tana da jagora, da 'yan amshi, da makaɗa, da sanƙira. Amma fa ba ta da suna nata na kanta. Sunan jagora shi ne sunanta. Ana cewa kiɗan Narambaɗa, ko na Jankiɗi, ko na Ɗan Anace, ko na Hassan Wayam da ya zauna a nan Zariya da kukumarsa. Ɗan amshi yana iya barin Shata, wani ya maye gurbinsa, mai sauraron rediyo bai ko lura ba. Amma ranar da Shata ya rasu a 1999, duk wanda ya ɗauki waƙa a kan kalangun nan bayansa, da Shata ake auna shi.

Sai dai akwai hanyoyi biyu da Hausawa suka bi don kada kiɗa ya bi makaɗi kabari. Ta farko ita ce gado. Musa Ɗanƙwairo, alal misali, ya fara ne da amshi a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya zauna ƙarƙashin yayansa, kafin ya zama jagora, bayan rasuwarsa kuma a 1991 'ya'yansa suka ɗauki kotso. Hanya ta biyu ita ce sarauta. Sarkin Makaɗa, ko Sarkin Taushi, ko Sarkin Tambura, kujera ce. Mai ita yana tafiya, a naɗa wani, take da kirarin fada kuwa suna nan yadda aka gaje su. Muna roƙon mahalarta su riƙe wannan hanya ta biyu a zuci, domin za mu komo gare ta.

3.0 Yadda Turawa Suka Yi da Tasu Matsalar

Reshen rok da muka ambata ya tsiro ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1960. Alamominsa su ne tsawaita kiɗa, da sassauya ma'aunin bugu a tsakiyar waƙa, da aro daga kiɗan gargajiyar manyan ɗakunan Turai da kuma jaz, da nuna gwanintar hannu. Waƙar ƙungiyar Yes mai suna Close to the Edge, ta 1972, ta kai kimanin minti 18, ta cinye fuska guda ta faifan garmaho. Irin wannan kiɗa an yi shi ne domin a zauna a saurara, ba domin a taka rawa ba.

An kuma san waɗannan ƙungiyoyi da yawan sauyin makaɗa. King Crimson ta fitar da faifanta na farko a 1969, kafin shekarar ta ƙare biyu daga cikin makaɗanta sun fice, mawaƙinta Greg Lake ya bi bayansu a 1970. Mai jita Robert Fripp shi kaɗai ne ya zauna a kowane zubi na ƙungiyar. Ya rushe ta a 1974, ya sake tayar da ita a 1981 da wasu sababbin mutane. Ita kuwa Yes, wadda aka kafa a 1968, ta taɓa darewa gida biyu a 1989, ɓangare guda ya riƙe suna, ɗayan ya fita da sunayen makaɗansa huɗu, sai a 1991 suka sake haɗuwa. Da Chris Squire ya rasu a 2015, sai ƙungiyar ta ci gaba ba tare da ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta ba. A nan ke nan suna ya zama dukiya, kamar sunan kamfani, wanda ake iya jayayya a kansa.

Afirka ta Yamma ma ta taɓa wannan ruwa. Osibisa, wadda Teddy Osei mutumin Gana ya kafa a Landan a 1969, mai zanen bangon faifanta na farko, Roger Dean, shi ne ya zama mai zanen Yes. A Legas an yi BLO, wadda ta ɗauki sunanta daga haruffan farko na Berkley Jones da Laolu Akins da Mike Odumosu, sai kuwa Odumosu ya bar ta ya koma Osibisa. Ko a nan Zariya, Bongos Ikwue ya kafa ƙungiyar UniBello Brothers sa'ad da yake ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello. Amma duk waɗannan ba su gina kiɗansu a kan kayan kiɗan Hausa ba. Wannan sai a tsallaken iyaka.

4.0 Tarihin Tal National a Taƙaice

Ƙasar da Tal National ta tsiro a kanta an daɗe ana share ta. A zamanin mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta farfaɗo da samariya, ta kuma riƙa shirya bikin matasa na ƙasa inda kowace jiha take kawo makaɗanta. Daga baya aka ƙirƙiro gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, aka kuma buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai. A 1995 Yakuba Mumuni da abokansa suka kafa Mamar Kassey, wadda ta haɗa sarewar Fulani da molo da jita. Saboda haka tunanin tara kiɗan ƙabilu a dandali guda tsohon tunani ne a Nijar, kuma hukuma ce ta shayar da shi.

An kafa Tal National a shekarar 2000. Wanda ya kafa ta shi ne Hamadal Mumini, wanda aka fi sani da Almeida, mai jita, tsohon ɗan ƙwallo, wanda kuma ya yi aikin alƙalanci a Yamai. Sunan ƙungiyar kansa abin lura ne. Tal sunan hamada ce mai farin rairayi kusa da Ngigmi a jihar Difa, can gabas, ɗaya kalmar kuwa tana nufin ta ƙasa baki ɗaya. Ke nan tun daga suna an kauce wa al'adar kiran ƙungiya da sunan jagora. Makaɗanta sun fito daga Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye, suna kuma rera waƙa da waɗannan harsuna da Faransanci.

Faifanta biyu na farko, Apokte da A-Na Waya, a cikin gida suka yi tashe, makaɗan da kansu suke tallar su a bakin titi da shataletalen Yamai, don babu kamfanin rarrabawa. Wani mai ɗaukar sauti daga Shikago, Jamie Carter, shi ne ya riƙa zuwa Yamai da na'urorinsa yana ɗaukar su. Faifai na uku, Kaani, kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da shi a 2013, shi ne kuma ya buɗe musu ƙofar Amurka da Turai. Zoy Zoy ya biyo baya a 2015, sa'an nan Tantabara a 2018, wanda a cikinsa suka gayyato Zara Musa, mawaƙiyar gambarar zamani ta Yamai, da wani baƙon mai jita, Yonatan Gat.

5.0 Tsarin Karɓa-Karɓa

A shekarun da waɗannan faya-fayai suka fito, makaɗan ƙungiyar sun kai goma sha uku, amma galibi shida ne suke kan dandali a lokaci guda. A Yamai sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare kimanin awa biyar ba tsayawa. Babu hannun da zai jure bugun ganga na awa biyar da irin saurin da suke yi, babu kuma maƙogwaron da zai jure. Don haka sai mai ganga ya miƙa wa wani sanduna, mawaƙi ya miƙa wa wani makirfo, kiɗa bai yanke ba. Idan kuma gayyata biyu suka haɗu a dare ɗaya, sai ƙungiyar ta rabu biyu, kowane ɓangare ya je da cikakken sunan Tal National.

A nan ne bambanci yake. Abin da ya zama wa Yes rikici a 1989, ya zama wa Tal National hanyar neman abinci. Sauyin makaɗa a Ingila yakan zo ne ta hanyar saɓani, kowane sauyi kuma yakan canza launin kiɗan, har masu sauraro su riƙa raba tarihin ƙungiya zubi-zubi. A Yamai kuwa sauyin yana cikin tsarin tun farko. Akwai kujerar jita, da ta jita mai kaurin murya, da ta gangunan Turawa, da ta kalangu, da ta waƙa. Kowace kujera tana da abin da aka san ta da shi, mai zama a kanta kuma tilas ya iya duk abin da ƙungiya ta tara. Wannan shi ne tsarin sarautar kiɗa da muka ambata a baya, sai dai an fitar da shi daga fada, an kai shi gidan rawa da wurin biki.

Amma kada mu wuce gona da iri. Almeida shi ne ginshiƙin da sauran azara suke kansa: shi ya kafa, shi yake tsarawa, shi yake magana da yawun ƙungiya. Ta wannan fuska matsayinsa ya yi kama da na Fripp. Karɓa-karɓar ta tsaya ne a kan kujerun da suke ƙasa da tasa.

6.0 Kiɗan Kansa

Wanda ya saurari Kaani zai fara jin abubuwa uku. Na farko, sauri. Na biyu, jitoci biyu suna saƙa gajerun jimloli masu maimaituwa, ɗaya tana shiga inda ɗaya ta bar gurbi, a kan tsanin muryoyi biyar wanda muka saba ji a gurmi da garaya da molo. Na uku, kalangu da gangunan Turawa suna tafiya tare ba su taka sawu ɗaya ba. Yawancin kiɗan yana kan zagaye mai bugu 12, wanda ake iya kasa shi huɗu sau uku ko uku sau huɗu. Mai ganga ya riƙe kashi ɗaya, mai kalangu ya ɗauki ɗayan, sa'an nan kwatsam su yi musanya, ko duk ƙungiyar ta tsaya cak ta faɗa wani sabon zubi.

Wannan tsayawa da juyawa su ne suka sa kunnen Bature ya tuna da King Crimson. Mu a ganinmu kwatancen ya kama inuwa ne ya bar jiki. Makaɗan Ingila sukan samo sarƙaƙiyarsu ta hanyar bugu mai lissafin mara, kamar biyar ko bakwai, wanda yake karya ƙafar mai rawa da gangan. Sarƙaƙiyar Tal National kuwa a cikin zagayen rawa take, ƙafa ba ta taɓa ɓata ba. Duk wanda ya tsaya a filin dambe ya ji yadda mai kalangu yake sauya take da zarar wani ɗan dambe ya shigo, ko ya ga yadda makaɗin 'yan mata yake juya kiɗa ba tare da ya sanar da kowa ba, ya san inda wannan dabara ta fito. Daɗin daɗawa, kalangu ganga ce mai magana. Matsa tsarkiyarsa a hammata yana ɗaga murya ko ya sauke ta, ya bi hawa da saukar kalmomin Hausa. A hannun Tal National kalangu yakan yi aikin da jitar gaba take yi a ƙungiyoyin Turawa, watau shi ne mai fita fili ya yi ado.

Gwanintar da ake yaba musu kuwa, ba daga makarantar kiɗan Turai ta fito ba. Awa 25 a mako a gaban masu rawa ita ce makarantar. Mahaƙurci mawadaci.

7.0 Abin da Aka Samu da Abin da Aka Rasa

Yanzu sai mu zo ga hukunci. Ta fuskar kiɗa, tsarin karɓa-karɓa ya haifar da abin da ƙungiyar jagora ɗaya ba ta cika samarwa ba. Tun da babu muryar da aka gina kome a kanta, sai kayan kiɗa suka sami filin yin magana. A ƙungiyar Shata kalangu bawan waƙa ne, yana shimfiɗa tabarma ne jagora ya zauna. A Tal National kuwa tabarmar ce ta zama abin kallo. A ra'ayinmu Kaani ne ya fi daidaita wannan, domin a cikinsa akwai sarari tsakanin bugu da bugu, murya tana samun wurin shiga. Zoy Zoy ya ƙara sauri da cunkoso. Tantabara ya ƙara kaifin jita da ƙarfin ganga, har a wasu wurare saurin ya zama shi ne abin nema, kamar dokin da aka sakar wa linzami don 'yan kallo su yi sowa. Muna ganin kunnen masu sauraron ƙetare, waɗanda ba sa jin ko ɗaya daga cikin harsunan, yana da hannu a wannan karkata.

Ta fuskar waƙa kuwa, an yi hasara. Sunayen wasu waƙoƙin, irin su Sarkin Fada da Saraounia da Duniya, suna nuna cewa ƙungiyar tana ɗiba daga rijiyar da mawaƙan Hausa suka saba ɗiba, watau sarauta da tarihi da halin rayuwa. Amma guga ba ya zurfi. Ƙarfin waƙar baka ta Hausa yana cikin doguwar tafiyar jagora guda, wanda ya san ubangidansa da abokan hamayyarsa shekara da shekaru, yana ɗora ɗiya a kan ɗiya, yana saƙa kirari da habaici da zambo, yana ƙara sabon abu duk ranar da ya sake rera tsohuwar waƙa. Waƙar da tilas kowane mawaƙi daga cikin uku ko huɗu ya iya karɓar ta a tsakiyar dare, a gaban taron da ya haɗa Bazabarme da Bahaushe da Bafillace, dole ta zama gajera, mai yawan amshi, mai sauƙin kamawa. Ba laifin mawaƙan ba ne, tsarin ne ya hukunta haka. Ba a cin biyu, wai an ce da kare ya zaɓa tsakanin ƙashi da inuwarsa.

8.0 Abin da Ya Shafe Mu

Wani zai ce, ina ruwan Zariya da makaɗan Yamai? Ruwanmu a nan yake. Tun daga shekarun 1990, da finafinan Kano suka bunƙasa, fiyano ya maye gurbin ƙungiya a yawancin waƙoƙin zamani na Hausa a Nijeriya, daga baya kwamfuta ta zo ta ƙarasa. Mutum ɗaya a ɗakin ɗaukar sauti yana fitar da muryar kalangu da ta algaita da yatsa guda. A gidan biki a Tudun Jukun ko Gyallesu ko Tudun Wada, sau da yawa abin da za a tarar shi ne lasifika da mai sa waƙa, mawaƙi kuma in ya zo, bin sautin da aka riga aka ɗauka yake yi. Hanyar gado ta raunana, domin 'ya'yan makaɗa da yawa sun kama wasu sana'o'i. Hanyar sarauta kuma ta tsaya a fada. To, a ina yaro zai koyi kalangu a cikin taron makaɗa?

Tal National ta nuna cewa akwai hanya ta uku: ƙungiya mai suna nata, mai kujeru, wadda ake shiga ba don gado ba, ake kuma fita ba tare da ta rushe ba. Irin wannan ƙungiya makaranta ce, ko da ba ta kira kanta haka ba.

Akwai kuma darasi ga mu masu nazari. Hanyoyin feɗe waƙa da Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau suka shimfiɗa sun ba mu wuƙa mai kaifi ta yanka jigo da salo da zubi da tsari. Amma idan aka kawo mana aikin da ƙarfinsa yake cikin hannu ba cikin baki ba, sai mu tarar kalmominmu sun yi kaɗan. Muddin ba mu tanadi kalmomin Hausa na bayyana zagayen bugu da saƙar jita da maganar kalangu ba, to, wasu ne za su ci gaba da raɗa wa kiɗan maƙwabtanmu suna da harshensu, mu kuwa mu karɓa.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa ƙungiyar kiɗa tana iya rayuwa a kan muryar jagora, kamar yadda muka gada, ko a kan suna da ya zama dukiya, kamar yadda Ingilishi suka yi, ko a kan kujeru da tarin kiɗa, kamar yadda Tal National ta yi tsakanin 2000 da 2018. Mun nuna cewa kamar da ake gani tsakaninta da rok ɗin Ingila kama ce ta fuska, asalin kuwa yana filin dambe da dandalin 'yan mata da fadar sarki. Mun kuma nuna cewa ribar da kiɗa ya ci, waƙa ce ta biya. Aikin da ya rage shi ne a sami ƙungiyar da za ta riƙe kujerun Yamai, ta kuma zaunar da jagora mai nauyin harshen Narambaɗa a kan ɗaya daga cikinsu. Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa, muna kuma sauraron gyara da ƙarin bayani daga malamai. Allah ya sa mu dace.